Fata ta kai ni Italiya, tsohuwa ta kai ni gidan waƙa

Kwana huɗu kenan da dawowata, har yanzu gajiya bata sake ni ba amma bari in rubuta tun kafin in manta. Harkar fata ce ta kai ni, akwai mutanen da muke tura wa kirgin awaki daga Kano zuwa Arzignano, wani ɗan gari ne a arewacin Italiya da kusan kowa a cikinsa jima ce sana'arsa. Zancen jirgi da Milan duk na tsallake, sai dai mai duba tikitin jirgin ƙasa da ya tsaya a kaina yana ta zazzaga min Italiyanci wai ban saka tikitina a injin ya buga masa tambari ba. To wa ya gaya min? Na biya tara, ko kallon fuskata bai yi ba, a gida da aƙalla an ce maka sannu da hanya kafin a karɓe kuɗin.

Abokin cinikina ya sauke ni a gidansu, ya ce otal ɓarnar kuɗi ne. Mahaifiyarsa tsohuwa ce tukuf, ta haura tamanin, Mama nake ce mata ita kuma ta kasa faɗin sunana sai dai "yarona", ɗan nata ne tafinta. Da ta ji bana cin alade sai ta kwashe duk wani abu mai shi daga kicin, kifi da taliya kullum. A falonta akwai hoton wata mata mai manyan idanu da kwalli, na ɗauka 'yarta ce ko ƙanwa, na ce Allah ya ji ƙan rai irin yadda muke yi. Ashe zabiya ce, mawaƙiya. Maria Callas.

Nan fa tsohuwa ta buɗe baki, har shayinmu ya huce. Ita Callas ɗin sofarano ce, wato mai irin muryar mata da ta fi kowacce hawa sama a opera, wasan kwaikwayon nan da ba a magana sai dai a rera komai. A New York aka haife ta a 1923, iyayenta 'yan Girka ne, a 1937 uwar ta koma da ita Athens inda ta koyi waƙa wajen wata malama 'yar Sifen, Elvira de Hidalgo, cikin yunwar yaƙin duniya na biyu. A 1947 ta zo Verona, nan kusa da su, ta yi waƙarta ta farko a Italiya, a nan kuma ta haɗu da Meneghini, attajiri mai masana'antar bulo wanda ya kusa haifarta, suka yi aure a 1949. Abin da Mama ta fi nanatawa shi ne na Venice a shekarar, wata mawaƙiya ta kwanta rashin lafiya aka ce Callas ta maye gurbinta, alhali tana tsaka da rera operar wani Bajamushe, Wagner, mai nauyin tsiya, cikin 'yan kwanaki ta haddace wata opera daban mai son murya sassauƙa ta fito ta yi. Mama ta ce kamar ka sa ɗan dambe ya yi rawar 'yan mata ne kuma ya cinye gasar.

Ranar Asabar ta tasa mu gaba sai Arena ta Verona, wai ba zan bar ƙasarsu ban gani ba. Ginin Rumawa ne, ya kusa shekara 2000, tun 1913 ake opera a ciki kusan duk bazara. A kan matakalar dutse muka zauna, kuma matashin da zaka ɗora ɗuwawu ma haya ake bayarwa, kai mutanen nan basa barin ko sisi ya wuce su, a gidan abinci ma zaman kujera kuɗinsa daban ne. Dubban mutane amma da aka fara tsit kake ji. Babu liƙi, babu guɗa, babu mai tashi ya taka, na ce to da me zabiya zata san ta burge? Sai ta kai ƙarshe sannan a ɓarke da tafi. Gaskiya awar farko na ɗan yi gyangyaɗi, amma akwai wurin da matar ta ja murya siririya kamar zata tsinke bata tsinke ba, sai da tsikar jikina ta tashi. Na juya wajen Mama, ta taɓe baki, wai ai wannan ko 'yar amshin Callas bata kai ba.

A mota ta ƙarasa min sauran, muryarta ta yi sanyi. Yadda Callas ta rage kilo sama da 30 wajen 1954, wasu suka ce shi ya taɓa mata murya. Yadda a Janairun 1958 a Roma muryar ta ƙi, ta bar wasa bayan kashi na farko ga shugaban ƙasa a zaune, jaridu suka yi mata ca. Sai Onassis mai jiragen ruwa, ta bar mijinta saboda shi, shi kuma a 1968 ya je ya auri matar marigayi shugaban Amurka Kennedy. Na ce Mama ai wannan halin maza ne ko'ina, ta daki kafaɗata. Callas ta mutu a Paris a 1977 tana da shekara 53, aka ƙona gawar aka watsa tokar a tekun Girka, wannan kam na yi shiru ban ce komai ba.

A Milan na leƙa La Scala, shahararren gidan operarsu, ta waje kawai, ginin bai kai girman sunansa ba. Takalmin da na so saya wa uwargida, wataƙila ma fatarmu ce, da na lissafa kuɗinsa a naira ajiye shi na yi. Mama ta cusa min faifan CD biyu a jaka, yanzu neman abin da zan saka su a ciki nake.