Auna alamomin tsatsar jiki a jinin masu ciwon sukari nau'i na ɗaya

Idan sukari ya daɗe yana yawa a jini, ƙwayoyin bangon jijiyoyin jini da na ƙoda da na ido suna shan sa fiye da kima, sai mitokondiriya, wato injinan samar da ƙarfi a cikin ƙwayoyin, su riƙa fitar da ɓurɓushin oksijin mai cin kitse da furotin kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Wannan ne bayanin da Michael Brownlee ya tattara a 2001. Ɓurɓushin kansa ba ya daɗewa balle a kama shi, don haka sawunsa muke bi: abin da ya lalata, irin su MDA da aisofurostan, waɗanda ragowar lalataccen kitse ne, da masu gadin da ke kare jiki daga gare shi, wato gulutatayon da inzayim ɗin SOD da katales. Na yi wannan awo a jinin masu nau'i na ɗaya, kuma abin da na gani shi ne yawancin sakamakon yana gyaruwa ko ɓaci tsakanin allura da firiza, tun kafin a kunna na'urar auna launi.

Sai an fara tabbatar da wane ne mai ciwon. Matashi siriri da aka kawo da kiton (asid ɗin da ke taruwa idan jiki ya koma ƙona kitse saboda rashin insulin) a jini ba lallai ne garkuwar jikinsa ce ta cinye ƙwayoyin insulin ba. A Afirka ta Yamma akwai nau'in da ke farawa da hawan kiton mai tsanani, bayan watanni mutum ya iya ajiye insulin, kuma ba a samun sojojin garkuwar a jininsa. Saboda haka ba na sa kowa a rukuni sai an gwada sojojin garkuwa na GAD65, da na IA-2 in da hali, tare da C-peptide mai nuna yawan insulin da jiki ke yi da kansa. Wanda ya fito daga hawan kiton ina jira makonni su wuce, domin alamomin suna tashi a lokacin. Ina kuma gwada maleriya, da sikila, da ƙarancin inzayim ɗin G6PD. Na ƙarshen nan yana da yawa a tsakanin mazanmu, kuma shi kaɗai yana raunana gulutatayon a jajayen ƙwayoyin jini ko babu ciwon sukari. Mai shan taba da mai shan bitamin C ko E ana rubuta su daban.

Jinin safe nake ɗiba, bayan azumin dare, a kwalbar EDTA mai hana jini daskarewa. Mai insulin ba a bar shi yana layi da yunwa: a auna sukarinsa da yatsa, a ɗiba, ya ci abinci. Igiyar da ake ɗaure hannu da ita kada ta wuce minti 1, kuma kada a matsa jini ta cikin allura zuwa kwalba da ƙarfi. Kwalbar ta shiga ƙanƙara nan take, a juya ta a na'urar raba jini cikin minti 30, a 1500 g na minti 10, a sanyin digiri 4. Bayan juyawa ina ɗaga kowace kwalba a gaban farar takarda. Ruwan jini mai kyau launin bambaro ne. In ya yi ja-ja ko da kaɗan, jajayen ƙwayoyi sun fashe, ƙarfen himogulobin zai ci gaba da lalata kitse a cikin kwalbar, kuma jan nasa zai shiga karatun. Irin wannan zubarwa nake yi. Sauran na raba shi ƙananan kwalabe na 0.5 ml, na ɗiga BHT, sinadarin da ke hana kitse ci gaba da lalacewa, na sa a digiri 80 ƙasa da sifili. Firizar gida mai digiri 20 ƙasa da sifili ba ta hana MDA ƙaruwa a hankali, kuma inda wuta ke ɗaukewa cikin dare samfur yana narkewa ya sake daskarewa ba wanda ya sani. Ina daskarar da ruwa rabin kwalba, na kifa ta a cikin firizar. Ranar da na tarar ƙanƙarar ta sauko ƙasa, na san an yi narkewa.

Gwajin MDA da sinadarin TBA shi ne kowa ke yi saboda arha, kuma shi ne ya fi yaudara. Haɗin da nake amfani da shi: asid ɗin TCA kashi 15, TBA kashi 0.375, da HCl 0.25 N. Ana zuba 1 ml na haɗin a kan 0.5 ml na ruwan jini, a dafa a tafasasshen ruwa minti 15, a ɗora ƙwallon gilashi a bakin kowace kwalba don kada tururi ya tafi da ruwan, a sanyaya a ƙanƙara, a juya, a karanta ruwan hodar da ya fito a 532 nm. Ma'aunin kwatance daga TMP, sinadarin da ke sakin MDA, ake haɗa shi, sabo a kowace rana.

Matsalar ita ce dafawar kanta tana ƙera MDA daga kitsen da ke cikin samfurin. Mai nau'i na ɗaya da insulin bai ishe shi ba, sau da yawa ruwan jininsa kan fito fari-fari kamar an ɗiga madara saboda yawan kitse. In ba a sa BHT kafin dafawa ba, sai ya nuna MDA mai yawa, alhali a tukunya aka yi shi, ba a jikinsa ba. Hazon kitsen ma yana tare haske ya ɗaga lamba. Sannan TBA ba ya zaɓe: yana yin launi da sukari, da bilirubin mai kawo launin shawara, da wasu aldehaid, wato dangin MDA. Launin sukari rawaya ne, ƙololuwarsa wajen 450 nm, amma jelarsa tana kaiwa inda muke karatu. Wannan abin damuwa ne a nan musamman, tunda bambancin da ke tsakanin marasa lafiyar da masu lafiya shi ne sukarin kansa. Dabaru uku suka taimake ni. Ina tsame launin da butanol kafin karatu. Ina cire karatun 600 nm daga na 532. Sannan ina ɗaukar ruwan jinin masu lafiya na ƙara masa gulukos zuwa 15 da 25 mmol/L, na gwada shi tare da sauran, don na ga nawa sukari kaɗai ke ƙarawa. Wanda ke da HPLC, na'urar da ke rarrabe sinadarai kafin ta auna su, ya yi amfani da ita. Lambobinta sun fi ƙanƙanta, kuma sun fi kusa da gaskiya.

Gulutatayon kusan duk a cikin jajayen ƙwayoyi yake, ruwan jini ɗan kaɗan ne, don haka jini gaba ɗaya nake aunawa. A cire furotin da asid ɗin salfosalisilik kashi 5 cikin mintuna, a haɗa da sinadarin DTNB, a karanta rawayar a 412 nm, a lissafa kan kowane giram na himogulobin. Mai son auna ƙonannen gulutatayon, wato GSSG, dole ya zuba NEM, sinadarin da ke kulle gulutatayon mai kyau, a kwalbar lokacin ɗiba. In bai yi ba, mai kyan yana ƙonewa a hannunsa, rabon da ke tsakanin su biyun ya zama na ƙarya. Raguwar gulutatayon a ciwon sukari tana da dalili: hanyar da ke mai da gulukos sobitol tana cinye sinadarin NADPH, shi kuwa da shi ake sabunta gulutatayon.

SOD da katales a wankakkun jajayen ƙwayoyi ake yin su, wanki 3 da ruwan gishiri kashi 0.9. Katales ana karanta shi a 240 nm, kuma sai da kubet (kwalbar karatu) na kwaz, domin roba ta yau da kullum da gilashi suna shanye hasken. Fassarar su ce ke da wuya. SOD yana iya hawa saboda jiki na ƙoƙarin kare kansa, yana iya sauka saboda sukari ya manne masa ya kashe shi. Ba na yarda da shi shi kaɗai. FRAP kuma, gwajin jimillar kariyar da ke cikin ruwan jini, da ake karantawa a 593 nm, fiye da rabinsa yurik asid ne, wanda kan fita ta fitsari idan sukari na zuba, don haka ina auna yurik asid a gefe.

Da kuɗi sun isa gwaji ɗaya kawai, aisofurostan na fitsari zan zaɓa, fitsarin farko na safe, a lissafa shi kan kiriyatinin don gyara bambancin kaurin fitsari. Fitsari ba shi da kitsen da zai ƙera sabo a cikin kwalba, kuma ɗibarsa ba ta wahalar da yara.

Iyaye kan tambaya ko za a ba ɗansu bitamin idan lambar ta hau. Babban gwajin HOPE na 2000 bai ga amfanin bitamin E ga zuciya ba, har a cikin masu ciwon sukari, alhali gwajin DCCT ya nuna tun 1993 cewa riƙe sukari sosai yana rage lalacewar ido da ƙoda da jijiya a nau'i na ɗaya. Don haka waɗannan alamomi a takardar bincike nake barin su. Takardar da ke komawa asibiti tana ɗauke da HbA1c mai nuna matsakaicin sukari na watannin baya, ko madadinsa furuktosamin ga mai sikila, da albumin na fitsari, da ranar duba ido.