Hayar dawaki a bakin tekun Legas

Sana'ata hayar dawaki ce a bakin teku, a ɓangaren Lekki na Legas. Wanda ya taɓa zuwa Elegushi ko Alpha ranar Lahadi ya ga irinmu: samari riƙe da ragama suna bin jama'a da tallar hawa, kuma da yawanmu 'yan Arewa ne. Ina da dawaki kaɗan da yaran da ke jan su. Mutum ya hau, yaro ya ja shi zuwa wancan gefen ya dawo da shi, a ɗauke shi hoto, ya biya. Ciniki na ƙarshen mako ne, sai ranakun Sallah da Kirsimeti da sabuwar shekara. Sauran kwanakin kuwa doki ci yake yi, ko an hau shi ko ba a hau ba.

Daga Arewa muke sayo su, irin kasuwar Maigatari, a ɗoro su a mota har nan. Kudu ba ƙasar doki ba ce. Ga laima, ga ƙudan tsando mai kawo sammore, ga tsadar dusa da harawa. Gishirin teku kuma ba ya raga wa kayan doki: likkafa da linzami su yi tsatsa, fatar sirdi ta bushe ta tsage. Don haka kowace yamma sai an wanke ƙafafun dabba da ruwan daɗi, an duba kofato, an shafa wa sirdi mai. Majayi kuwa da hannuna nake gwada shi kafin a fita, domin in ya saki, sirdi zai juya da mutum.

Wurin aikin ma ba shi da tabbas. Manyanmu a Bar Beach suka yi wannan sana'a, yau an cike wurin da yashi an gina sabuwar unguwar Eko Atlantic a kai. A watan Agustan 2012 teku ta yi ambaliya a Kuramo ta tafi da mutane fiye da goma, daga nan aka rushe rumfunan wurin. A 2024 kuma aikin babbar hanyar Legas zuwa Kalaba ya ci wani sashe na bakin tekun Landmark. Kullum gabas ake tura mu.

Amma abin da ya fi cin raina a wannan aiki ba dokin ba ne, ruwan ne. Mu muke yini a bakin gaɓa, kuma daga kan doki ana hango abin da na ƙasa ba ya gani. Masu aikin ceto ba su da yawa, wasu wuraren babu su sam, sai ya zamana mai doki da masunci su ne ke fara yin ihu.

Baƙinmu na Arewa su nake fi jin tsoro wa, musamman saurayin da zai ce maka ya iya ruwa, a Tiga ko a kogin Kaduna ya koya. Kogi gefe guda yake tafiya, ka san inda ya nufa. Teku kuwa ta zo ta koma, kuma komawar ce ke ɗaukar mutum. Gaɓar Legas tana da gangara sosai. Kana tsaye ruwa iya gwiwa, igiyar ruwa ta buge ka, tana janyewa ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka, kafin ka daidaita wata ta iso, ruwa ya kai ƙirji.

Akwai kuma wanda ya fi wannan mugunta. In ka tsaya ka lura, za ka ga igiyoyi suna fashewa da farin kumfa dama da hagu, a tsakani kuma akwai wani wuri shiru, ruwansa ya ɗan yi duhu, kamar ba abin da ke faruwa. Nan baƙo yake zaɓa, yana ganin ya fi lafiya. Alhali nan ne ruwan da igiyoyi suka tara a gaɓa yake samun hanyar komawa ciki da ƙarfi. Ka duba da kyau za ka ga leda da kumfa suna bin wurin suna nisa da tudu. Wanda ya faɗa ciki, in ya ce zai yi iyo kai tsaye zuwa gaɓa, ƙarfinsa zai ƙare bai matsa ba. Ruwan ba ƙasa yake jan mutum ba, ciki yake kai shi, kuma hanyar ba ta da faɗi sosai. Dabarar ita ce ya kwantar da hankali ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu a gan shi, in yana da ƙarfi ya yi iyo ta gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga jan. Faɗa da baki yana da sauƙi, na sani. Shi ya sa nake ce wa wanda bai saba ba kada ruwa ya wuce masa idon sawu.

Sai tufafi. Matanmu da doguwar riga da hijabi suke shiga, maza da kaftani ko wandon jins. Kaya in sun sha ruwa nauyi suke yi, su naɗe ƙafa. Ban taɓa ce wa kowa ya tuɓe ba, ni ma ɗan Musulmi ne. Abin da nake cewa shi ne, "Hajiya, a tsaya inda kumfa ke ƙarewa, hoton ma ya fi kyau a nan." Hoton nan kuwa shi ne babbar fitina, domin mai ɗaukar kansa hoto baya yake juya wa teku, igiyar da za ta kayar da shi ba ya ganin zuwanta. Waya ta tafi, shi kuma ya bi ta.

Wani abin da masunta suka koya mini: ruwa yana hawa yana sauka sau biyu a yini, kuma hawan ya fi yawa a tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa. Ka ga ke nan ƙaramar Sallah, ranar da jama'armu suka fi cika bakin teku, tana faɗowa daidai lokacin. Iyali su shimfiɗa tabarma da hantsi a busasshen yashi, da la'asar ruwa ya iso kan kular abinci da jaririn da aka kwantar. Da damina kuma, musamman daga Yuni zuwa Satumba, teku ta fi fushi. In an kafa jar tuta, ko ka ga masunta sun janye jiragensu can sama, ranar ba ta wanka ba ce.

Dokokin da na kafa wa yarana ba su da yawa, amma ba na sassauci a kansu. Ba a sakin ragama ga baƙo ko ya rantse shi ɗan sarki ne. Ba a sukuwa cikin jama'a. Wanda ya sha ya bugu ba ya hawa, ko nawa zai biya. Ƙaramin yaro sai da babba a gefensa. Ba a shigar da doki cikin ruwa don hoto, ko da yake nan ne kuɗin yake, kuma wasu abokan sana'a suna yi. Doki in igiya ta daki cikinsa zabura yake yi, mahayin da ƙafarsa ta maƙale a likkafa kuwa ja zai sha. Magariba na yi muke tashi.

In wani ya nitse, na hana su faɗawa ruwa da ka. Mai nitsewa duk abin da ya kama ba ya saki, sau da yawa gawa biyu ake fitarwa maimakon ɗaya. A jefa masa abin da ke tasowa, jarkar da ba komai a ciki ko kula, ko a miƙa masa igiya ya kama, a kira masu ceto da masunta, wani kuma ya buga 112 ko 767, lambobin agajin gaggawa na jihar Legas. Wanda aka fitar, ko ya miƙe yana dariya, asibiti za a kai shi, domin ruwan da ya shiga huhu yakan tayar da ciwo bayan sa'o'i.

Masu kula da ƙofa sukan yi mini ƙorafi wai yarana suna tsorata baƙi. Ni kuwa na ga ranar da aka rasa mutum: 'yan sanda su zo, a rufe wurin, mako mai zuwa ba kowa, dawaki na turke suna jiran dusa. Gara a ce mun cika surutu.