Daren da aka karanta jarida ba fitila

30 ga Yuni, Maradi

Tun la'asar kuran, wato lantarki, ya tafi, har yanzu da nake rubutun nan a salula bai dawo ba. Ɗaki kamar tanda. Hadari ya haɗo ta gabas, ya gama cika baki, iska ta watsa shi, ko ɗigo. Muka fito da tabarmi tsakar gida, ni da Inna da autanmu, na ɗora shayi.

Ina zuba na biyu sai tauraro ya tsinke ta wajen Gulbi, fiu, ya mutu. Inna ta yi a'uziyya, ta ce an jefi shaiɗan mai satar ji. Auta ya ce, "Yaya, ba kai ka ce dutse ne ba?" Na ce dutse ne mana, irin wannan bai wuce tsakuwa ba, gudunsa ne ke sa iska ta ƙone shi. Nan na tuna yau ce ranar Tunguska.

Da safiyar 30 ga Yuni 1908, wani ƙaton dutse ya tarwatse a sama kusa da kogin Tunguska, can Siberiya ta Rasha, tsakanin kilomita 5 zuwa 10 kafin ya taɓa ƙasa. Ya kwantar da itatuwa wajen miliyan 80 a filin da ya haura murabba'in kilomita 2,000. Da Leonid Kulik, wani masanin duwatsu na Rasha, ya isa wurin a 1927 rami yake nema, bai samu ba. Amma ni dararen da suka biyo baya ne suka fi tsaya mini a rai. Sama ta ƙi yin duhu a Turai da wani ɓangaren Asiya, har a Landan mutane na karanta jarida a waje tsakar dare.

Inna ta ce, "Wutar ce ba ta mutu ba?" Na ce a'a, ƙura ce da ƙanƙara. Ta kalle ni sheƙeƙe. "Kai mushe, ƙura haske take kawowa? Lokacin hunturu ko rana ba a gani sosai."

Ta kama ni, sai da na yi shiru. Can na ce, Inna, kin san idan rana ta faɗi, tsakar gida ta yi duhu amma kan hasumiyar masallaci da sauran ja? To wannan ƙurar ba irin ta hunturu ba ce mai shiga hanci. Masana sun ce ta haura wajen kilomita 80, tururin ruwa ya daskare a jikinta, tana hango rana bayan ta ɓace wa mutanen ƙasa, tana maido musu hasken. Kuma a ƙasashen arewa, a watan Yuni rana ba ta nitsewa da nisa. Mu nan tsaye take faɗawa, magariba na yi duhu ya rufe.

Ta ce a wannan shekarar kakanninta suna tsohon gari a kwari, kafin ruwan 1945 ya koro mutane tudu, kuma ba ta taɓa jin sun ba da labari irin wannan ba. Na ce ai lissafina ya fito ke nan. Ta ce lissafina ya ƙone shayi.

Gaskiyarta, na uku ya kama. Auta ya yi barci fuska sama, yana jiran wani tauraron, sauro na ta shagali a ƙafarsa.