Jirgi mai tarago ɗaya

A bangon tashar jirgin ƙasa ta Bingo-Ochiai, a ƙasar Jafan, akwai takardar jadawalin jirage. Na daɗe tsaye a gabanta, don ban taɓa ganin jadawali fari fat irin wannan ba. Jirgin da ke yin gabas wajen Tojo sau uku yake tashi a yini. Na arewa, mai bin layin Kisuki, shi ma sau uku. In ban da 'yan jiragen da ke yin yamma wajen Miyoshi, sauran takardar wayam.

Daga Miyoshi na taso, a jihar Hiroshima ta ƙasar Jafan, cikin watan Oktoba. Jirgin tarago ɗaya ne tak, mai shan man dizal, kuma direba kaɗai ne ma'aikaci a ciki. In ka hau a tashar da babu mai sayar da tikiti, sai ka zari 'yar takarda mai lamba a bakin ƙofa, in za ka sauka ka je gaba ka zuba kuɗinka a akwatin da ke gefensa. Mun taso mu goma sha wani abu. A Shobara yawanci suka sauka, muka rage mu huɗu: ni, wasu maza biyu masu rataye da kyamara, da wata tsohuwa rungume da ledar magani.

Bingo-Ochiai mahaɗa ce a tsakiyar duwatsu. A zamanin jirage masu cin kwal, ma'aikatanta sun haura ɗari. Yau ko ɗaya babu. Sau ɗaya a yini, bayan ƙarfe biyu na rana, jirage uku suke haɗuwa daga ɓangarori uku, a ji motsin ƙafafu na 'yan mintoci, sannan kowanne ya kama gabansa, a bar tashar da kukan tsuntsaye. A shekarar 2022 kamfanin jirgin ya fitar da lissafinsa: tsakanin nan da Tojo, kafin a samu yen 100 (kuɗin Jafan) sai an kashe sama da yen 25,000. Na san wannan lissafi tun kafin in zo, kuma ban ce ƙarya ba ne. Amma lissafin bai taɓa zama kusa da tsohuwar nan ba.

Tare muka koma jirgin Kisuki. Da ɗan Jafanancin da nake ji na ce, "Iya, daga asibiti?" Ta ce eh, sau ɗaya a wata. Mijinta ne mai tuƙi, ya rasu, ita kuwa ba ta taɓa riƙe sitiyari ba. 'Ya'yanta biyu, ɗaya a birnin Hiroshima, ɗaya a Osaka, suna zuwa a watan Agusta da sabuwar shekara. Ta ɗaga yatsu ta ƙirga mini gidajen ƙauyensu: takwas, uku ne ake kunna fitila da dare. Na ce, "To, in aka daina jirgin fa?" Ta yi shiru, ta gyara ledarta, ta ce, "Ɗana, sai in bi yaran." Ba ta ƙara komai ba. Da ta sauka na ga har direban ya sunkuyar mata da kai, ya jira ta gama taka matakala kafin ya ja.

Daga nan muka shiga jihar Shimane, jirgin na gangara dutse zuwa tashar Izumo-Sakane yana gaba yana baya saboda tsananin gangare. Wannan jiha tana da mutum kusan 930,000 a 1955, a ƙidayar 2020 sun koma 671,000. Ba yaƙi ya kore su ba, ba fari ba. Mazauna duwatsu da sana'ar gawayi da katako suke ci. Gas da kananzir suka kashe kasuwar gawayi, katakon waje mai arha ya karya na gida, masana'antun birni suka kwashe samari. Sai kuma dusar ƙanƙarar da ta sauka a farkon 1963, wadda ta rufe ƙauyuka makonni, iyalai da yawa suka sauko ba su koma ba. Ta taga kana ganin sauran labarin: gonakin shinkafa da ciyawa ta cinye, gidaje masu kyawun rufi amma tagogi a kulle, bishiyoyin kaki, dangin kanya, sun yi jawur da 'ya'ya babu mai tsinka.

Washegari na bi kogin Gonokawa a motar bas. Nan ma da akwai jirgi, layin Sanko, kilomita 108 daga Gotsu zuwa Miyoshi, wanda ya yi tafiyarsa ta ƙarshe ranar 31 ga Maris, 2018. A watanninsa na ƙarshe baƙi sun yi ta tururuwar zuwa bankwana har wurin zama ya yi wuya. Wannan yana taɓa mini zuciya, don da an samu rabin wannan cika a shekarun baya, da wata maganar ake yi. Tashar Uzui tana nan, a saman gada mai tsayin mita 20, sai ka taka matakala 116 kafin ka kai. Ina kallonta daga ƙasa ina tunanin tsofaffin da suka riƙa hawanta da sanda.

A bas ɗin dawowa ni kaɗai ne fasinja. Duk da haka na'ura tana kiran sunan kowace tasha, direban kuma yana rage gudu a kowace. A wata ya tsaya cak, ya buɗe ƙofa, ya zuba wa wata 'yar hanya mai hawa tudu ido. Na tambaye shi ko lafiya. Ya ce akwai wani dattijo da ke hawa nan duk Talata, yau bai fito ba. Ya duba agogo, ya ƙara jira kamar minti guda, sannan ya rufe ƙofar muka tafi, yana ta leƙen madubi har muka sha kwana.