Daga Karnal zuwa Kurukshetra, inda aka hana Arjuna ajiye baka

Neman injin casar shinkafa ne ya kai ni Karnal, wani gari a jihar Haryana ta arewacin Indiya da ya yi suna wajen shinkafar basmati da masana'antun gyaranta. A watan Nuwamba na sauka, lokacin da aka gama girbi, manoma suna gaggawar share gonaki domin shuka alkama, hayaƙin karan shinkafar da ake ƙonawa kuma ya haɗu da hazo ya rufe sama. Da muka kammala ciniki, injiniyan da ke yi mini jagora, wani dattijo mabiyin addinin Hindu, ya ce bai dace in zo har nan in koma ban ga Kurukshetra ba, tun da tafiyar ba ta kai awa guda a mota ba.

Muka hau babbar hanya mai lamba 44 muka nufi arewa, sa'annan muka karkata yamma a mahaɗar Pipli. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu tudu babu kwari, kuma ba a banza ta zama filin daga tun zamanin da ba, domin a Panipat, kudu da Karnal, Babur ya ci Ibrahim Lodi da yaƙi a 1526 ya kafa daular Mughal. Sai dai yaƙin da ya ɗaukaka sunan Kurukshetra yana cikin Mahabharata ne, doguwar waƙar da ke ba da labarin yadda 'ya'yan wa da ƙani, Pandawa biyar da Kaurawa ɗari, suka gwabza na kwana 18 a kan gadon sarauta. Littafin Bhagavad Gita, mai babi 18 da baiti 700, wani yanki ne na wannan waƙa, kuma ya fara ne a daidai lokacin da rundunonin biyu suka ja daga. Arjuna, gwanin baka na Pandawa, ya hango kakansa Bhishma da malaminsa Drona a sahun abokan gaba, sai gwiwarsa ta yi sanyi, ya ajiye baka ya ce ba zai yi yaƙi ba. Mai tuƙa masa keken doki, wato Krishna, wanda 'yan Hindu ke bauta wa, shi ne ya shiga ba shi amsa.

A Jyotisar, wani ƙauye da ke wajen gari, masu ziyara suka yi imani an yi wannan zance. Muka tuɓe takalma muka hau matakala zuwa gindin wata tsohuwar itaciya dangin cediya, wadda saiwoyinta ke saukowa daga rassa. Na tsaya gefe, kamar yadda ya kamaci baƙon da ba addininsa ba ne, ina kallon mata da maza suna kewayawa da furanni a hannu. A nan injiniyan ya karanto mini baiti na 47 na babi na biyu da harshen Sanskrit, ya kuma fassara: aikin ne kaɗai ke hannunka, sakamakonsa ba ya hannunka, kada sakamako ya zama dalilin aikinka, kada kuma ka jingina da zaman banza. Ya ce mutane da yawa sun haddace farkon baitin sun manta ƙarshensa, alhali wanda ake yi wa maganar mutum ne da ke neman ya tsere wa aiki, saboda haka ba za a iya fakewa da ita a yi kasala ba. Baitin da ke biye ma, in ji shi, ya nemi mutum ya zama ɗaya ko ya yi nasara ko bai yi ba.

Na ce masa, «Injiniya, ai ni riba na zo nema, kai ma albashi kake karɓa.» Ya yi dariya ya ce, «Alhaji, babu wanda ya hana ka lissafi. Idan ina daidaita duwatsun inji hankalina yana kan kuɗin da za a ba ni, zan yi sauri in farfasa maka shinkafa. Idan hankalina yana kan dutsen, kuɗin zai zo ko ya makara, amma aikin ya riga ya yi kyau.» A fahimtarsa, abin da ake so a cire shi ne kwaɗayi da fargabar da ke sa hannu rawa, tare da jin cewa ni ne mai yi, aikin kuwa a miƙa shi ga abin bauta. Abin da ya ɗauki hankalina shi ne jajayen zaruruwan da masu ziyara suka ɗaɗɗaure a wurin, kowane ɗaya da buƙatar mai shi, a daidai inda aka ce kada a sa ido ga sakamako.

Duk Musulmin da ya ji wannan bayani zai tuno da ikhlasi da tawakkali, da hadisin da aka ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sa'annan ya dogara ga Allah. Amma ban ga amfanin cewa abu ɗaya ne ba. A wurinsu aikin da aka yi da kwaɗayi yana ɗaure rai ne ga sake haihuwa a duniya, mafita kuma ita ce kuɓuta daga wannan zagaye, mu kuwa muna aiki muna fatan lada a lahira, ba ma ɗaukar wannan fata a matsayin aibi.

Daga nan muka wuce Brahma Sarovar, wani makeken tafki da aka kewaye da matakala, inda dubban mutane ke wanka a ranar husufin rana, ga kuma ƙaton keken doki na tagulla ɗauke da Krishna da Arjuna. Ana ta kafa rumfuna domin bikin tunawa da littafin, wanda ake yi tsakanin Nuwamba da Disamba. A tsohon garin Thanesar muka leƙa hubbaren Shaikh Chilli, ginin zamanin Mughal mai farar ƙubba, inda na tuna cewa Musulmi sun daɗe da sanin wannan littafi: Al-Biruni ya ciro maganganu daga cikinsa a littafinsa kan Indiya wajen 1030, Sarki Akbar kuma ya sa an fassara Mahabharata zuwa Farisanci.

A kan hanyar komawa muka tsaya wani gidan abinci na bakin titi, aka kawo mana gurasa da miyar wake, babu nama. A nan na fito da abin da ya tsaya mini a rai. Idan an ce mutum ya yi aikin da ya wajaba a kansa ba tare da duban sakamako ba, wa ke yanke abin da ya wajaba? An ce wa Arjuna ya yi yaƙi ne saboda an haife shi a gidan mayaƙa, littafin kuma ya ambaci rabuwar mutane zuwa aji huɗu, ya ce gara mutum ya yi nasa aikin ko da nakasa da ya yi na wani da kyau. Mai sharar titi da ya gaji tsintsiya daga ubansa zai ji wannan magana da wani kunne dabam.

Injiniyan bai musa ba. Ya ce su kansu 'yan Indiya ba su daidaita a kan wannan ba. Tilak, wani jagoran neman 'yancin Indiya, ya rubuta sharhinsa na littafin yana kurkukun Turawa a Mandalay ta ƙasar Burma, ya ga kira ne zuwa ga fafutuka. Gandhi ya ɗauki yaƙin a matsayin misalin gwagwarmayar da ke cikin zuciya, ya kafa hujjar ƙin zubar da jini da shi. Ambedkar kuwa, wanda ya fito daga cikin waɗanda ake ƙyamar taɓawa, ya kuma jagoranci rubuta tsarin mulkin ƙasar, ya soki littafin da cewa yana kare tsarin ajin haihuwa. Shi dai injiniyan yana ganin hali da iyawa ne ke nuna wa mutum aikinsa, ba gidan da aka haife shi ba, amsar da ta gamsar da ni rabi kawai, domin da wuya a ce haka aka yi aiki da ita a ƙauyukan da muka ratsa. Ya ƙara da cewa kakansa ba zai yarda da wannan fassara tasa ba, 'yarsa kuwa, wadda ke karatun likita, ta manna baiti na 47 a saman teburinta saboda jarrabawa, amma da zarar an kawo batun aji huɗu sai ta tashi ta bar falon.