Takardun jaririn da aka haifa mana a Jidda

Talata, bayan sallar isha'i.

Da hantsi ƙanina ya kira daga Jidda, inda yake aikin tuƙi, ya ce yana shirin zuwa ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya domin yi wa jaririnsu rajista, kuma yana buƙatar takardar shaidar aurensu da ya bari a gida. Ya riga ya karɓi sanarwar haihuwa daga asibiti, ya kai ta Ahwal Madaniyya, hukumar rajistar jama'a ta ƙasar, aka ba shi takardar haihuwa ta Saudiyya. Saura ya haɗa ta da fasfonsa da na matarsa da hotunan yaron.

Inna ba ta ga dalilin wannan ɗawainiya ba. Ta ce, "An yanka rago, an raɗa masa sunan marigayi Baba, to me kuma ake nema?" Na ce mata, "Inna, Saudiyya ba ta ba ɗan baƙo matsayin ɗan ƙasa don kawai an haife shi a can." Namu tsarin mulkin na 1999 kuwa, a sashe na 25, ya ce wanda aka haifa a waje ɗan Najeriya ne muddin ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne. Sai dai jami'in filin jirgi ba zai tambayi wanda ya halarci suna ba, fasfo zai nema, kuma sai da fasfon ake yi wa yaro iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya. Da na tuna mata 'ya'yan wasu 'yan garin nan da suka girma a Makka ba takarda, zaman can yana yi musu wuya, dawowa gida ma tana yi musu wuya, sai ta tashi da kanta ta buɗe adakar da ake ajiye takardu.

Takardar tana nan, ko da yake gara ta ɗan ci gefenta. Abin da ya fi damuna shi ne kwanan wata, domin a can lissafin Hijira ya fi yawo a bakin mutane, mu kuma takardunmu na gwamnati da na Miladiyya ake cika su. Na roƙi ƙanina ya tsaya a gaban jami'in ofishin jakadancin ya tabbatar ranar da za a rubuta ta dace da ta asibiti, saboda ita ce za ta bi yaron zuwa lambar NIN da makaranta, kuma gyara irin wannan kuskure sai da rantsuwa a kotu.

Da la'asar na hau babur zuwa Gumel, na sa aka ɗauki hoton takardar da kyau, na tura masa ta WhatsApp, tunda sabis ɗin ƙauyenmu ba ya iya tura hoto. Ta ainihin kuma na sa ta a ambulan na kai wa maƙwabcinmu da zai tafi Umara ta filin jirgin Malam Aminu Kano, ya yi alkawarin damƙa ta hannu da hannu.