Godiya: facina ya shiga LineageOS

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Nima da Mamobi, da duk inda wannan saƙo ya iske ku.

Alhamdu lillahi. Daren Talata bayan isha'i na buɗe shafin Gerrit, inda ake duba gyare-gyaren da mutane suka tura wa manhajar waya ta LineageOS, na tarar an sa wa facina, wato ɗan gyaran da na tura, alamar amincewa ta +2, an haɗe shi da uwar manhaja. Layi 9 ne kacal, amma wata 4 na yi a kansu. Sunana kaɗai git, mai ajiye tarihin gyare-gyaren manhaja, ya rubuta a jikin aikin, shi ya sa na zo nan in faɗi sauran masu hannu a ciki.

Ga wanda bai sani ba, tun 2008 Google ta buɗe tushen Android, kowa na iya ɗauka ya gyara. A kansa aka gina LineageOS, wadda ta gaji CyanogenMod a ƙarshen 2016. 'Yan sa-kai ne ke riƙe da ita, suna raya wayoyin da kamfani ya daina aiko musu da sabuntawa. Mu da yawancin wayoyinmu na hannu ne, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu.

Irin wayar Mma, mahaifiyata, ce ake ƙoƙarin ɗagawa zuwa sabon zubin LineageOS. Komai ya tashi sai abu ɗaya: in an sa sifika, na can ɓangaren ba ya jin komai. Ita kuwa Mma ba ta kara waya a kunne. Kan kujera 'yar tsugunno take ajiye ta, tana juya tukunyar waakye da asuba, tana hira da ƙanwarta ta Tamale. Wayar na da makirufo biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, kuma wani fayil mai suna mixer_paths.xml ne ke faɗin wanda za a buɗe a kowane hali. Sai da na yi makonni ina bin logcat, wato bayanan abin da ke gudana a cikin waya, ina gwada tinymix mai saita hanyoyin sauti, kafin na gano hanyar sifika tana buɗe makirufon da ba shi ba.

Mma, ke ce ta farko. Na kira ki daga soro ya fi sau hamsin, "Mma, kina ji na?" Ba ki taɓa cewa kin gaji ba. Ranar da kika ce "Ina jin ka rangaɗau, ɗana", da gudu na shigo gida, ludayi na hannunki. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Kawuna mai gyaran waya a Tip Toe Lane, can Circle, ban san da bakin da zan gode maka ba. Daren da na yi filashin, wato ɗora manhaja, da fayil ɗin da ba shi ba, wayar Mma ta mutu murus, ko fitila ba ta kawowa. Da sassafe na hau trotro cikina ya ɗuri ruwa. Ka buɗe bayanta, ka ɗauki hantsaki ka haɗa wurare biyu a jikin bod, kwamfuta ta gan ta. Da ka gama sai ka jawo durowa ka miƙo mini wata irinta mai fasasshen gilashi, ka ce, "Riƙe wannan ka yi ta gwaji, ka bar wa uwarka tata." Na ciro sidi ka ture hannuna. Allah ya yi wa shagonka albarka, Kawu.

Aminina na Kokomlemle, tushen manhajar nan ya haura gigabait 100, laftof ɗina ba ta iya ɗauka ba, ga dumsor, wato ɗauke wuta, da ya katse mini ginin manhajar sau uku ana dab da gamawa. Ka ba ni makullin ofishinka, da intanet da inbata, ina kwana a can. Na gode ƙwarai.

Akwai kuma mai duba aikin, wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba. Da farko -1 ya ba ni, alamar sai na sake gyara, raina ya sosu. Amma layi-layi ya bi yana nuna mini: nan ka taɓa abin da bai shafi matsalar ba, nan bayaninka bai faɗi dalilin gyaran ba. Sau 6 na sake turawa. Bai taɓa yi mini gatse a kan Turancina ba, kuma a wurinsa na koyi cewa bayanin faci yana da nauyi daidai da facin kansa.

Malaminmu na makaranta ya ba mu aron aji ɗaya ranar Asabar bayan la'asar, Allah ya saka masa da alheri. Duk ƙane ko ƙanwa da ke son ganin yadda ake tura faci, ko yadda ake rubuta rahoton matsala da log ɗinsa, ya zo. Mai tsohuwar waya a durowa ya taho da ita da cajarta, amma ya kwashe hotunansa tukuna, domin buɗe butloda, wato makullin da ke hana sauya manhajar waya, yana share komai.